Dutsen da Aba Yake Niƙa Rawaya

Shekara takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Kyari mai fenti na unguwar Birni a nan Zinder, wanda mu a gida muke kira Aba irin na Barebari. Duk shekara in watan ya zagayo, abin da muke yi bai wuce a toya waina a kai masallacin ƙofar gida ba, a yi masa addu'a, mahaifiyarmu ta wuni ba ta son magana. Bana ne na ce sai na rubuta. Ban taɓa yi wa jarida rubutu ba, karatuna ma a lise, wato babbar sakandare, ya tsaya, ban kai ga jarrabawar bak ta kammalawa ba. In maganata ta karkace ku yi mini haƙuri. Hankalina bai gama kwanciya ba tun abin da ya same mu da daminar da ta wuce. Dafin da ya ci Aba a hankali, shi ne ya biyo ta bayan gida ya shiga jinin ɗana, kuma da hannun wadda ta fi kowa son yaron ya shiga.

Wanda ya san Birni ya san aikin Aba ko bai san sunansa ba. Magina su fitar da zane a fuskar gida, shi ya bi da launi. Yana yi wa adakar amare ado, da amalanken jaki, da allon bayan kamiyo, babbar motar kaya. Shuɗi da kore saye yake yi a kasuwar Dole kamar kowa. Rawaya ce kaɗai yake yi da hannunsa, kuma da ita ya yi suna. Ta wasu masu fentin, damina biyu ta ishe ta ta koɗe ta koma kamar tsohon zane. Ta Aba kuwa rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, tana nan. Har daga Zarmu da Hamdara manoma kan zo in sun sayar da gyaɗa, su ce a yi wa adakar ƴarsu rawayar Kyari, ba wata ba.

A bayan gidanmu akwai wani ɗaki mai rabin rufi, ƙofarsa tana kallon lungu, ba ta kallon tsakar gida. Can yake aikin. Yadda yake yi ban gani da idona ba. Yayana Bukar, wanda yanzu sufur ne, yana tuƙa mota a hanyar Agadas, shi ya ba ni labari bana, don shi kaɗai aka taɓa bari ya shiga. Aba yakan sayi matattun batiran mota a garaj, ya fasa, ya ciro farantan dalmar da ke ciki, ya narka su a kaskon ƙarfe mai faɗi. Dalma in ta narke sheƙi take yi kamar azurfa, amma da iska ta taɓa ta sai ta yi yana toka-toka a sama, irin yanar da kunu ke yi in ya huce. Yanar nan ita yake so. Ya kwashe, wata ta fito, ya kwashe, har ƙarfen ya ƙare ya zama gari. Sai ya mayar da garin kan wuta marar ƙarfi yana juyawa da dogon ƙarfe, tun hantsi har la'asar, yana kallo yana rikiɗa daga toka zuwa ruwan ɗorawa. Bukar ya ce duk gwanintar tana wurin wutar. In ta yi yawa garin ya narke ya dunƙule ya yi ja-ja. In an bar shi ya daɗe ya koma jan nan da ake shafa wa ƙarfe don tsatsa. Bayan nan sai ya ƙara masa ɗan hodar kamfani mai haske da ake kawo masa daga Kano a buhun takarda, wai don rawayar ta yi ido. Na ƙarshe shi ne niƙa. Yana da dutsen niƙa guda, baƙi, mai santsi, a kansa yake murza garin da ruwan ƙaro in na bango ne, da mai in na ƙarfe ne, har ya yi laushi kamar man shanu.

Ni ƙarar dutsen kawai na sani. Da ita na girma, tana zuwa ta bayan bango. Na kuma san ɓawon batiran da ke jibge a lungu, da wani wari da ke kama maƙogwaro ranar da aka hura wuta.

Dokokinsa kuwa, su ne suka sa na taso ina ganin Aba mutum ne mai ƙyanƙyamin yara. Mace ko yaro ba ya zuwa ƙofar ɗakin. Ba ya cin komai a ciki, ko goro sai ya fito. Yana naɗe baki da hanci da tsohon rawani. Rigar aikinsa ba ta shiga wankin gida, shi yake wanke abarsa a lungu. In ya tashi sai ya yi wanka da sabulu a makewayin waje, ya sa tsinke ya sakace ƙarƙashin faratansa, sannan ya yi sallama. In na hango shi kafin wankan na ruga da gudu, sai ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Tsaya can, Fanna. Can na ce." Ƴaƴan maƙwabta suna hawa kafaɗar ubanninsu da ƙurar kasuwa a jiki, ni kuwa sai na jira an yi wanka. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Mahaifiyarmu, da muke kira Ya, ta taɓa tambayarsa ina ji.

"Malam, wai me ke cikin ɗakin nan da ko tsintsiya ba za ta shiga ba?"

"Abincinku ke ciki," in ji shi. "Ki bar shi inda yake."

Iyakar bayanin da ta samu ke nan a duk zaman aurensu. A wurin su Aba sana'a sirri ce. Ubangidansa da ya koya masa a Barno ya rantsar da shi cewa ba a faɗin yadda ake rawaya sai ga ɗan da zai gaje ta. Bukar ya hura wuta ƴan watanni ya ce shi mota yake so, ya tafi. Saboda haka, ban da ɗan abin da Bukar ya gani, sirrin ya zauna a cikin Aba, duka biyun: yadda ake yin ta, da abin da take yi wa mutum.

Abin da take yi kuwa mun gani, ba mu dai san sunansa ba. Ciwon ciki mai murɗa da ke kayar da shi a tabarma. Saurin fushi da ba halinsa ba. Wani baƙin layi a dasashinsa da muka ce goro ne. Daga baya hannun damansa ya saki daga wuya, buroshi yana sulluɓewa yana faɗuwa, sai ya koma ɗaure shi da tsumma a yatsu. Wasu suka ce abokan sana'a ne suka jefe shi. A likita, wato asibiti, aka ce tansiyo ne, hawan jini, ya taɓa ƙoda. A kan wannan ya rasu, ina aji na ƙarshe a kolej, ƙaramar sakandare.

Da aka zo rabon gado aka sayar da tsani da gwangwanaye. Bukar ya rushe ɗakin baya, ya sa aka kwashe ƙasar wurin, ya malala siminti ya yi butik, wato shago, ya ba haya. Shi kuɗin haya ya duba, ashe wata rahama ce Allah ya yi mana. Ya ba ta nemi komai daga kayan aikin ba sai abu ɗaya. Ta ce a bar mata dutsen. Ba wanda ya tambaye ta dalili. Matar da ta yi takaba ta nemi abin da hannun mijinta ya fi taɓawa, wa zai hana ta? Bukar ba ya gari ranar. Aka kai dutsen ɗakin ajiya, kowa ya manta.

Abin da ke ba ni tsoro in na tuna shi ne, rabin labarin ni ma ina da shi a kaina. A lise, mushenmu na shimi, wato malaminmu na ilimin sinadarai, ya taɓa zana mana a allo yadda kamfani ke yin rawayar fenti, don ba mu da kayan gwaji. Ana narkar da dalma a ruwan asid har ta ɓace ruwan ya yi garau, a zuba masa ruwan wani gishiri, nan take rawaya ta sauka gindin kwano kamar yadda ƙullu ke kwanciya. A tace, a busar, a niƙa. Ya ce launin yana da ƙarko ne don dalma ba ta lalacewa. Ya ce jiki ba ya rarrabe ta da abin gina ƙashi, sai ya karɓe ta ya adana, kuma ƙaramin yaro ta fi yi wa ɓarna, a ƙwaƙwalwa. Ya ce abu mai tsami yana jawo ta daga inda ta maƙale. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci. Ko sau ɗaya ban tuna da ɗakin bayan gidanmu ba. Abin makaranta yana makaranta, Aba kuma yana kushewa.

Bara waccan na yi aure. Mijina Lawali tela ne a Zango, mutumin Dakusa. Da cikin fari ya tsufa na dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi. Na haifi namiji aka sa masa sunan Aba. Mu muna ce masa Aba Gana. Ya kuwa, da ba za ta iya faɗin sunan mijinta ba, sai ta ce Maigida, tana yi masa tsiyar da kaka ke yi wa jika. "Maigida, ka zo ba ko kuɗin cefane, sai kuka."

Wajen yajin jego ta ce ita ba za ta kai inji ba, injin da ya niƙa barkonon kowa da tsakin kowa. Da hannunta za ta yi. Citta, kanumfari, masoro, kimba, ta niƙa a madafa, ni ina ɗaki an hana ni fita sanyi. Na ci da gasasshen nama, na sha a kunun kanwa, har arba'in. Na koma Zango da ƙiba ana ta yaba hannun Ya. Da Aba Gana ya isa cin abinci, dangin ubansa suka riƙa aiko da gero da gyaɗa daga Dakusa, Ya ta ce a kai mata. Ita ke niƙa masa kayan kunu ta aiko, ranar Juma'a kuma in kai shi ta dama masa da kanta.

Wata Juma'a da damina na yi sammako saboda hadari. Yayyafi ya sa Ya ta fito da aikinta rumfa. Na same ta a durƙushe ta gama niƙa gyaɗa, tana ɗauraye dutsen da ruwan tsamiya don ya cire maiƙo, tana tare ruwan a kwano za ta juye a tukunyar kunu. Haka duk mace mai tattali ke yi, ba a zubar da ɗaurayen dutse. Na zauna kusa da ita na kwance goyo. A gefen dutsen akwai wata ƴar tsaga, sai na ga wani siririn layi a ciki inda ruwan tsamiyar ya kwanta. Launinsa kamar ƙwanduwar ƙwai.

"Ya, wannan dutsen fa? Ban san shi ba."

"Ina za ki san shi, an hana ki leƙe?" Ta yi murmushi. "Na Abanki ne. Tun yajinki da shi nake yi. Na ce tunda bai ga takwaransa ba, ko hannunsa ya shiga abincin yaron."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ɓawon batiran lungu, da rawanin da Aba ke naɗe baki da shi, da allon mushe, duk suka zo mini lokaci ɗaya. Na ture kwanon ya kife a ƙasa.

"Ke, lafiyarki?"

"Ya, dafi ne. Rawayar Aba dafi ce."

"Na wanke shi, Fanna." Muryarta ba ta ko tashi ba, kamar mai lallashin wanda zazzaɓi ya kama. "Sau bakwai na wanke shi, da toka da sabulu, na shanya a rana. Ko kare ya lashi kwano aka yi masa haka ya tsarkaka. Tun ina amarya nake kallon mutumin nan yana wanke abin nan daga jikinsa da ruwa, ya shigo ya ci tuwo da mu. Abin da ruwa ya fitar daga jikin mutum, zai kasa fitarwa daga dutse?"

Yanzu na san dutse yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma shekara da shekaru Aba yana danna garin nan a cikinsu da mai da ƙarfin kafaɗarsa. Wanki saman yake ɗauka. Niƙa kuwa cin dutsen yake yi kaɗan-kaɗan, tsamiya ta jawo sauran. Amma hankalin Ya bai yi kuskure a kan abin da ta gani ba. Wanka ta gani, wanka ta yi.

Na buga wa Bukar waya. Ina jin ƙugin mota a bayansa.

"Yaya, da me Aba yake yin rawaya?"

Na ji ya kashe mota.

"Wa ya taɓa kayan ɗakin nan?"

Da na faɗa masa sai ya yi salati ya ce, "Ɗauki yaron ku tafi likita. Kada ki tsaya neman mayafi mai kyau."

Majon da ta karɓe mu, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Na shiga ina magana ba kai ba gindi, ta ce, "Ke, zauna. In kin faɗi a nan ba ni da gadon ba ki." Ta sa na faɗa daga farko. Ta duba dasashina, ta duba idon yaron, ta latsa cikinsa, ta tafa hannu a bayan kunnensa ya waiwaya. Ta tambaya ko yana suma, ko yana amai, ko ya daina wani abin da ya iya. Na ce a'a. Ta ce wannan da sauƙi, amma jini ne zai faɗi gaskiya, kuma irin wannan analiz, wato awon jini, ba a yin sa nan, sai an aika Yamai. Aka ɗibi nawa da nasa. Ta ce a kawo tsohuwar ma, ai ita ke niƙa tana ɗanɗanawa.

Zaman jiran nan ba na yi wa kowa fatansa. Yaro in ya yi kuka na ce ciki ne. In ya yi barci da yawa na tashe shi. In ya jefar da abin wasa na ce fushin nan irin na Aba ne ya fara. Ina laɓewa a bayansa in kira sunansa a hankali in ga ko zai ji. Wata rana Lawali ya ɗaga kai daga kan keke ya ce, "Fanna, yaron nan kin kira shi har wuyansa ya gaji da waiwaye. Ki bar shi ya ci ƙasarsa cikin kwanciyar hankali." Na ce ƙasa kuma? Sai ya ga ya ƙara ɓata, ya ce wasa yake yi, ya tashi ya share ɗakin da kansa.

Ya kuwa ta je aka ɗibi jininta. Daga ranar ta daina aiko da komai. Ko ƙuli-ƙuli ba ta ƙara ba ni in kai gida ba. In na kai Aba Gana ranar Juma'a ta gaishe shi daga bakin gado, ba Maigida, ba tsiya. In lokacin cin abincinsa ya yi sai ta tuna tana da alwala. Ban taɓa ce mata laifinta ne ba, Allah ya sani. Ita ta yanke wa kanta hukunci, kuma ba ta nemi shawarar kowa ba.

A cikin kwanakin nan na fi tunanin Aba. Na yi fushi da shi, ba zan ɓoye ba, ko da yake ba a so a faɗi haka a kan mamaci. Magana ɗaya ta isa. Ya kira mahaifiyarmu ya ce, Falmata, abin nan kisa yake yi, ko bayan raina kada ya kusanci tukunya. Rantsuwar da ya yi wa ubangidansa a kan yadda ake haɗa launi ce, me ya haɗa ta da gargaɗi? Bukar ya ce a ganinsa Aba tsoro ya ji. In mata suka ji a gida, unguwa ta ji, wa zai ƙara kawo adakar ƴarsa? Da me za mu ci? Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma ya ɗauka in dai shi kaɗai ke shaƙa, ya kuma tsare ƙofa, to ya biya wa kowa. Bai yi lissafin ranar da ba ya nan ya tsare ƙofar ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Zinder ta yau. A Dole yanzu fenti a gwangwani yake zuwa, an gama haɗa shi, wasu an rubuta ba dalma a ciki, wasu ba a rubuta komai ba, mai saye kuma araha yake tambaya. Ba mai niƙa rawaya da hannu kuma, na tabbata zai ce launin yanzu ruwa ne. Amma a bayan tasha na ga samari suna fasa batir da hannu tsirara, suna narka dalmar a fili don su sayar, mai ƙosai tana gefensu, suna miƙa hannun nan su karɓa su ci. Da ban san abin da nake kallo ba. Aba da ko goro ba ya ci sai ya yi wanka, ina jin da ya tsaya ya yi musu faɗa har su yi masa dariya. Ko zai gaya musu dalili, wannan ne ban sani ba. Ni dai ba wanda ya rantsar da ni. Shi ya sa na rubuta yadda ake yin ta da abin da take yi, duka biyun, a inda kowa zai karanta. Wanda ya gaji dutse ko turmi ko kasko daga mai irin wannan sana'a, don Allah kada ya kai shi madafa, ko an wanke shi sau nawa. Albarkar mamaci a addu'a ake nemanta.

Da sakamako ya zo, majo ta sa na zauna kafin ta yi magana.

"Akwai ta," ta ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. A jininki akwai, a nasa akwai, na tsohuwa ya fi. Amma nasa bai kai inda ake kwantar da yaro a ba shi maganin fitar da ita ba. Kin toshe inda take shigowa, shi ne babban magani. Ki ba shi ƙwai, da hanta, da wake, da zogale, da nono. Jikin da ya ƙoshi ba ya karɓarta da yawa. Mama ma ki ci gaba da ba shi. Mu sake aunawa bayan kaka."

Na tambaye ta ko ta riga ta taɓa masa kai. Ta cire tabarau ta ce wannan ba mai iya rantse mini, ita dai abin da ta gani yaro ne mai ƙiriniya da ya kusa karya mata abin auna zafi. Na fito na zauna a gindin wata bishiya a harabar likita na yi kukan da na riƙe tun ranar rumfa. Wata mata mai sayar da ruwa ta zo tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi. Na ce mata a'a, sauƙi ne.

Bukar da ya dawo daga tafiya ya ɗauki dutsen da buhu a hannu. Ba mu yarda a jefa shi tafki ko a binne a tsakar gida ba. Ya sa magini ya zuba shi a tsakiyar kankare, aka yi dunƙule guda aka sa a gindin katangar butik. Ya ba ta fito ta gani ba.

Bayan kaka aka sake aunawa. Ta ragu, tawa da tasa. Ya ma tata ta sauka, an kuma sa ta a maganin tansiyo. Ban ce na daina tsoro ba. Har yau in na ga bango mai rawaya sai na janye hannun yaron, kuma na san ranar da zai shiga lakwal ya fara karatu zan zauna ina kallon littafinsa fiye da yadda ya kamata. Amma ina barci yanzu, ina cin abinci yana yi mini daɗi.

In an tambaye ni me ya rage na Aba bayan shekara takwas, gidajen da ya yi wa ado da yawa sun zube ko an shafe su da siminti. Ƴan da suka rage rawayarsu tana nan kamar jiya aka shafa, kuma yanzu na san abin da ya hana ta koɗewa shi ne abin da ya kashe shi. Ba zan iya alfahari da ita yadda nake yi da ba. Abin da nake iya riƙewa shi ne mu. Mu huɗu ya haifa, muka girma bango ɗaya tsakaninmu da kaskon dalma, kuma ba wanda ya tashi da nakasa a cikinmu. Ba sa'a ba ce. Wani ne ya tsaya tsakani kullum, shi kaɗai, ba tare da an gode masa ba. Ya yi shirun da bai kamata ba, ya kuma tsare mu iyakar ransa. Duka biyun nasa ne. Allah ya yafe masa na farkon, ya saka masa da na biyun.

Ranar da na karɓo sakamako na biyu ban wuce Zango ba. Na biya Birni da yaron da ƙullin garin kunu a leda. Na samu Ya a rumfa tana tsince wake. Na faɗa mata abin da majo ta ce, ta ce alhamdu lillahi ba ta ɗaga kai ba. Na ajiye ledar a kan wakenta.

"Yunwa yake ji. Ki dama masa."

"Ga murhu can."

"Ni na gaji, Ya. Tun safe nake layi."

Ta kalli ledar. Sannan ta tashi ta wanke hannu, ta wanke tukunyar da take a wanke, ta dama. Ta zauna ta ɗebo a cokali tana hurawa. Aba Gana bai jira ba. Ya rarrafo ya dafa gwiwarta ya miƙe tsaye, ya kama cokalin da hannu biyu ya fizge.

"A'a," in ji Ya. "Ƴan watannin da ban ba ka ba, har ka koyi ƙwace?"

Ya kai baki ya sha rabi, rabi ya bi haɓa. Ya tsoma cokalin a kwano da kansa, ya ɗago, ya miƙa shi saitin bakinta yana cewa am, am.

Ya ta dube ni, idonta ya cika. Ta dube shi.

"Yau kuma Maigida ne da ciyar da iyali? To, Allah ya ɗorar."

Ta buɗe baki.